Ni Na Sha Gam, Baƙuwa Aka Ba Fuskar

Anti Philippa,

Don Allah ki agaje ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin yadda zuciyata take tafasa ɗin nan, in aka bar ni da ita zan yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Na canza sunan kowa, saboda na sa hannu a takardar rufe baki, kin dai san halin masu shirin talabijin.

Ni 'yar wasan kwaikwayo ce, na haura hamsin. In kina kallon shirye-shiryen almarar kimiyya da ake ɗauka a nan Burnaby, irin na kumbo da duniyoyin taurari, to kin sha ganina, amma da za mu haɗu a layin kanti ko ɗago kai ba za ki yi ba. Zango na shida ke nan ina fitowa a matsayin wata halitta ta wata duniya, likitar kumbon, bari in kira ta Ithka. Tun gari bai waye ba nake hawa kujerar Harjit, mai kwalliyarmu, ta shafe ni da gam ta liƙa min fuskar roba: goshi mai tudu, kunnuwa irin na jemage, haɓa har wuya. Sai an kusa gama min kwalliyar sauran 'yan wasa suke shigowa da kofin kofinsu suna hamma. A cikin robar nake wuni, miya ma da bututu nake zuƙarta. Fatar kumatuna ta saɓe har sai da likita ya rubuta min man shafawa. Ban taɓa ƙorafi ba, don ina son aikina.

Kuma ni na gina Ithka, wannan ko maƙiyina ya sani. Da aka kawo ta, layi biyu ce a takarda, a kashi na uku za a kashe ta. Ni na ƙirƙiro mata ɗingishinta, da yadda take karkata kai in ana yi mata ƙarya, da gaisuwar mutanensu: a ɗora hannun hagu a maƙogwaro, a sunkuya kaɗan. Marubuta suka ga 'yan kallo sun so abin, suka ɗora a kai, suka ce in an yi da hannun dama to tsinuwa ce, ma'anarta ba ni ba kai har abada. An taɓa yin kashi guda cur a kan wannan. Masoyanmu kuwa ba mutanen wasa ba ne. A taron masoya na Calgary na ga wani magidanci da furfurarsa ya ƙi yi wa abokinsa magana saboda ya gaishe shi da dama.

A walimar rufe zango na biyu, Lorne, mai shirin, ya riƙe hannuna a gaban Harjit ya ce, "Ki ƙara haƙuri, akwai ranar da Ithka za ta zama mutum, ranar duniya za ta ga fuskarki." Na ɗauki maganar nan na adana. Na gaya wa mijina Wendell, na buga wa yayata a Saskatoon, wadda har gobe in ta nuna wa ƙawayenta ni a talabijin sai su ce mata, to, in kin ce ita ce.

Watan jiya rubutaccen labarin kashin ya iso. Wata na'ura ta lalace a kumbo, Ithka ta wayi gari mutum, na kashi ɗaya tak. A mota na karanta, a wurin ajiye motoci, ruwa na zuba, na yi kukan daɗi kamar yarinya. Ko gida ban kai ba Lorne ya kira. Wai yana da albishir, sun samo Brielle.

Kin san ta, ko da na canza sunan. Ita ce yarinyar nan da ta ciyo zinare a wasan zamiyar ƙanƙara, wadda yanzu ko kwalin abincin safe ka ɗauka sai ka gan ta tana murmushi. Ita ce za ta zama Ithka mutum. Na ce masa, Lorne, fuskata fa? Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Haba ke kuwa, kin fi kowa sanin harkar nan. Tashar talabijin fuskar da za a liƙa a jikin bas take so. Ai Ithka taki ce, mako na gaba kin koma abinki." Wato in koma cikin roba. Bai tsaya nan ba, ya ce tunda ba wanda ya san Ithka kamar ni, ni zan koya wa yarinyar tafiya da motsi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba yau aka fara kawo mana irin waɗannan baƙin ba. Duk lokacin da 'yan kallo suka ragu sai a ɗauko wani shahararre a sa masa rigar azurfa. An kawo mana ɗan kokawar da ya kasa haddace layi uku, sai da aka liƙa masa takarda a kafaɗata yana karantawa. An kawo mai dafa abinci a talabijin, aka ba shi bindigar haske ya riƙe ta a juye. An kawo mawaƙiyar da ta ce ba mai taɓa mata gashi, aka wayi gari duk ƙabilarta a labarin an cire musu ƙaho. Duk mun haƙura, mun yi musu tafi, mun ɗauki hoto da su. Amma kowannensu nasa gurbin aka yanka masa, ba wanda aka ba nawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, yarinyar ba ta da laifin da zan kama. Na so a ce mai girman kai ce. Ta zo da kwalin donat ta raba wa har direbobi, ta ce tun tana makaranta take kallona, "Malama" take ce min. Ɗingishin ne ya gagare ta, don jikinta bai san yadda ake tafiya ba kyau ba, amma ta dage har ta iya. Rannan har ɗaukarmu hoto ta yi ta sa a shafinta, ni ina cikin roba.

Yanzu ga inda nake neman ki. Da na zo koya mata gaisuwar, a gabanta na tsaya muna fuskantar juna. Na ɗaga hagu, ita kuma ta bi ni kamar mai kallon madubi, ta ɗaga dama. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji na rufe. Ta sake yi, ta tambaye ni ko ya yi, na ce mata sunkuyon ya yi kyau. Ban yi ƙarya ba, sunkuyon ya yi kyau.

Ranar Alhamis za a ɗauki wurin, kuma shi ne ƙarshen kashin, inda Ithka za ta yi wa kyaftin ɗin kumbo godiya don ya ceci ranta. Daraktan baƙo ne, bai taɓa kallon shirin ba, shi da bakinsa ya faɗa. Matar da ke lura da irin waɗannan ƙananan abubuwa tana hutun haihuwa. Lorne yana Los Angeles yana roƙon a ba mu zango na bakwai. In na yi shiru, zai yi wuya wani ya lura sai ranar da aka haska, ranar kuwa masoya ba za su kai ƙarshen tallan farko ba sun yanko wurin sun watsa a intanet. Duniya za ta ga abin da ake samu in aka ɗauko 'yar zamiya aka ba ta aikin 'yar wasa.

Wendell cewa ya yi, "Ke kika ɗaga mata hannun? Yi shirunki, su girbi abin da suka shuka." Harjit kuwa da na raɗa mata, sai da ta gama liƙa min kunne sannan ta ce, "In kin yi shirun, kada ki zauna min a kujera kina jiran in ce kin kyauta." Ni kuma in na tuna dariyar Lorne a waya sai in ji shirun ma ya yi kaɗan. Anti, ni aka zalunta ko ba ni ba? In ni ce, don me kuma zai zama ni zan gyara musu?

Wadda Gam Ya Cinye wa Kumatu,
Burnaby

*

Ƙanwata,

Ke aka zalunta, ba sai mun yi dogon zance a kan wannan ba. Alkawari kaya ne, kuma Lorne ya sauke nasa a tsakiyar hanya. Da ya zo ya zauna a gabanki ya ce tasha ta fi ƙarfinsa, ya ba ki haƙuri, da na ce ki haɗiye. Amma ya kira ki a waya, ya sa wa abin suna albishir, ya yi dariya, sannan ya ɗora miki aikin horar da wadda aka ba gurbinki. Wannan rashin kunya ce, kuma na ji haushin da na karanta har na ajiye wasiƙar na zaga ɗaki.

Duk da haka sai na faɗa miki nasa ɓangaren. Mutumin da ke yawon roƙon zango na bakwai ba kansa kaɗai yake roƙar wa ba. Akwai kafintoci, masu fitila, direbobi, da kujerar Harjit da taki. In fuskar yarinyar nan a jikin bas ita za ta sa kowa ya ci abinci baɗi, to ɗauko ta ba hauka ba ne. Wannan ya bayyana dalilinsa, bai wanke yadda ya yi miki ba.

Batun hannu kuwa, ki gyara shi gobe, kada ki jira Alhamis. Ki tsaya a gefenta kafaɗa da kafaɗa, ki ce mata hagu ne, ki gaya mata abin da dama ke nufi. Wendell yana son ki ne shi ya sa yake taya ki fushi, amma bai yi daidai ba. Wadda aka ba ɗaliba, ta ga kuskure, aka tambaye ta ta yaba sunkuyo, ba za ta ce ba ruwanta ba.

Ki duba kuma wanda dutsen zai faɗa wa. Lorne ba abin da zai same shi. Surutu a intanet talla ne a wurinsa, wataƙila ma shi zai samo masa zangon da yake nema. Yarinyar ce za a yi wa rubdugu, kuma kin san bakin mutane in suka samu mace matashiya ta yi kuskure a bainar jama'a. Ba ta yi miki alkawari ba, balle ta karya. Kin bar jaki kina shirin dukan taiki. Sannan masoyan da kika ce ba sa wasa, tambayarsu ta biyu ita ce wa ya koya mata, hoton kuwa yana nan a shafinta. Abin da ya fi duka a wurina shi ne, wadda za a gani tana tsine wa mutumin da ya ceci ranta Ithka ce. Ke kika raine ta daga layi biyu, ba na jin za ki iya zama ki kalli wannan.

Bayan kin gyara, ba kafin nan ba, sai ki nemi haƙƙinki, don kada ya zama ciniki. Ki kira wakilinki, ki ce kina son zama da Lorne ido da ido ranar da ya dawo. Ki tuna masa maganar walima, ki faɗi sunan wadda ta ji. Ki nemi a ba ki fitowa da fuskarki a cikin zangon nan, a matsayin wata daban, an saba yi wa masu sa roba haka. Amma ki ce da magana a bakinki da sunanki a rubuce, ba ki gifta a bayan kyaftin da faranti a hannu ba. Kada ki yi kuka a ofishinsa, kada kuma ki karɓi "za mu duba". In ya yarda, a sa a takarda.

Yana iya ƙi, kuma gara ki shiga da sanin haka. Shi ya sa zan faɗi abin da ba ki tambaye ni ba. Tun zango na biyu kike jiran mutum ɗaya ya ba ki izinin nuna fuskarki, kuma a duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika ce kin je neman wani aikin ba. Gidajen wasan daɓe na garin nan ba sa liƙa wa kowa roba. Ladan ba zai burge ki ba, kujerun ma ba kullum suke cika ba, amma duk wanda ya zauna ke zai kalla. Ki yi amfani da hutun zangon nan ki je gwaji, ko sau nawa za a ce miki a'a.

Ranar da kika samu, ki aiko min da sunan gidan da ranar buɗewa, da sunanki na gaskiya. Zan sayi tikitina in zauna a layin gaba, don ina son in ga matar da ta rubuto min. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya warkar da kumatun.

Anti Philippa