Kitson Mas'uda da gwajin ƙwaƙwalwa

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mahamat da yara. Allah ya ba ɗanki Hanzala sauƙi. Mu nan Garwa kowa ƙalau, sai zafi.

Na ji kin hana a kawo Hanzala gwajin kai, don an ce miki na'urar tana karanta abin da mutum ya ɓoye a zuci. Inna ma haka ta ɗauka ranar da muka kai 'yata Mas'uda, wadda farfaɗiyar nan ta dama ita ma. Ta sa aka yi mata sabon kitso, aka mulke kan da man shanu, wai ba a zuwa gaban likita kai buzu-buzu. Ta kuma ja mata kunne kada ta tuna zancen gida. Dokta Clarisse ta yi murmushi ta ce wayoyin da ake mannawa a kai ba sa kamawa a kan mai. Da hannunta ta taya tsefe kitson, Inna na gefe tana mitar an ɓata mata aiki.

Ƙwaƙwalwa tana da ɗan lantarkinta. Shi na'urar ke zanawa layi-layi, likita ta ga inda ciwon ke tasowa. Ko kalma ɗaya na'urar ba ta ji. An gyara wa Mas'uda magani, har ta koma makaranta.

Abin da ya fi burge ni daga baya ya zo. Dokta ta ce masu bincike na son irin zanen nan don koya wa kwamfuta gane ciwon a garuruwan da babu likita. Ta juya ta tambayi ita kanta Mas'uda ko za ta ba da nata. Ta ce za a cire sunanta, kuma ko ta ƙi, ba za a fasa duba ta ba, domin abin da ya fito daga kan mutum amana ne. Yarinyar ta tambayi wa zai riƙe shi, sannan ta ce sai ta yi tunani. Ba a matsa mata ba.

Lauratu, Hanzala na bin babansa su, wato kamun kifi, a tafkin Mbakaou. Idan abin ya taso masa cikin kwalekwale fa? Ki taho da shi. Dokta ta yarda a fara ɗora wayoyin a kanki, ki ga naki zanen kafin ki yanke shawara. Gani ya kori ji.

Ki gaida Mahamat da Khaula da Goggo Hawa'u. Inna na gaishe ku.

Yayanki,
Adamu