Barcin da Baba Yake Yi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan Umma tana nan tana fama da keken ɗinkinta, Auta ya shiga aji biyu, ni kuma muna shirin jarrabawa. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, ni da ko a waya sai kin yi ta jan bakina. Abin da ya sa, wayar gidan a hannun Baba take, maganar kuma tasa ce.

Kin san aikinsa a gandun daji, shi ne ja-goran baƙin da ke zuwa kallon namun daji. Wancan hutun ya tafi da ni, na ga yadda yake tattalinsu. Kafin mota ta tashi sai ya duba kowa. Wanda ya sa baƙar riga ko shuɗiya sai ya sake, don ƙudan tsando launukan nan yake bi. Yakan sa su tura ƙafar wando cikin safa saboda kaska, su zazzage takalma saboda kunama, kuma babu tantin da ba ya duba gidan sauronsa. Amma shi kansa a bayan mota yake zama, inda babu rufi, inda tsandon ke taruwa idan sun biyo motar. Ya ce gara su tsaya a kansa da su shiga wurin baƙi. In sun cije shi sai ya yi dariya ya ce surukansa ne suka zo gaisuwa, shekara da shekaru suna tare ba su taɓa yi masa komai ba. Ɗaya ya cije ni ta cikin riga, Gwaggo, kamar an soka mini allura mai zafi, har na yi hawaye. Shi kuwa wuyansa da hannayensa duk tabo ne.

Bayan nan ne ya fara zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da ciwon kai, da ƙaiƙayi, kaluluwa ta fito masa a bayan wuya. Ya sayi maganin zazzaɓin sauro a kemis ya sha, bai ji daɗi ba. Sai barcin rana ya shigo. Watan jiya barci ya ɗauke shi a bayan mota alhali baƙi sun sauko suna ɗaukar hoton ɓauna. Allah Ya kiyaye, direba ya lura ya mayar da su ciki, amma manaja ya ce Baba ya koma gida sai an neme shi. Yanzu a unguwa wasu na cewa ƙwaya yake sha. Da kunnena na ji mai shagon bakin layi yana faɗa, na ajiye sabulun da na je saye na dawo. Mutumin da ko taba bai taɓa sa wa a baki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halinsa ya canza. Baba da bai taɓa ɗaga mana murya ba, rannan ya mari Auta don kawai ya kifar da kofi, daga baya ya zauna yana kallon tafin hannunsa kamar ba nasa ba. Umma ta taɓa yi masa maganar asibiti, ya yi mata tsawar da tun daga ranar ba ta sake ba. Ita a ganinta hannu aka sa masa a wurin aiki. Shi kuma ya ce gajiya ce, kuma in aka ji ya kwanta asibiti shi ke nan an ba wani gurbinsa. Kakinsa na nan rataye a bayan ƙofa, kullum sai ya sa an goge.

Na tsaya bayan an tashi daga aji na tambayi malamarmu ta kimiyya, na ce wani maƙwabcinmu ne. Ta daɗe tana kallona, ina jin ta gane. Ta ce akwai cutar barci da wasu ƙudajen tsando ke ɗauke da ita, kuma alamun da na lissafa sun yi kama da ita. Ta ce cutar tana da magani, amma sai a babban asibiti bayan an auna jini, kuma in aka bar ta tana taɓa ƙwaƙwalwa har ta kai ga rasa rai. Ni ba likita ba ce, Gwaggo, ban ce ita ce ba. Amma rigakafi ya fi magani, kuma awon jini ba ya kashe kowa.

Shekaranjiya da la'asar na yi ta maza na kai masa shayi, na durƙusa a gefen tabarmarsa. Na sunkuyar da kai na faɗa masa duk abin da malama ta ce, har na roƙe shi ya je ko don mu. Tunda nake ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba. Na ji shiru, na ɗauka tunani yake yi, na ji daɗi. Da na ɗago kai sai na ga ya yi barci a zaune, kofin ya karkace, shayin na zuba a kan rigarsa. Na zare kofin a hankali na fita.

Shi ya sa na rubuto miki. Ke kika goye shi, kuma duk duniya ke kaɗai ce za ki ce masa tashi ya tashi. Ba na son ki kira shi a waya, zai ce miki lafiyarsa ƙalau, har ya ba ki dariya. Ki zo ki gan shi da idonki, ki sa shi gaba zuwa asibiti. Na san tafiyar da nisa, ga gwiwarki, ki yafe mini. Umma ba ta san na rubuto ba, in ta yi faɗa zan ɗauka.

Ki gaishe mini da maigida, da Yaya Babba da amaryarsa, da 'Yar Lele, da Dogo sarkin tsokana. In Allah Ya kawo ki, ki yi ƙoƙari ki iso da hantsi, lokacin ne ya fi zama a farke. Ina so ki fara tarar da ƙaninki yadda kika san shi.

'Yarki,
Shiru-shiru