Katin Rahamatu

Litinin, 8 ga Afrilu, 1974

Zafi. Rumfar da aka kafa mana a bayan Maigatari ta cika da yaran da yunwa ta kayar, har a ƙasa muke shimfiɗa su. Ni da safe, Malam Ilu da yamma, likita sai ran da mota ta tashi daga Gumel. Wanda ya kasa haɗiye kamu sai mu ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari da gishiri, gwargwadon nauyinsa. Ƙafafuna sun kumbura.

Laraba, 10 ga Afrilu

An kawo wata yarinya daga rugar wajen Sule Tankarkar, shanunsu duk sun mutu. Fata da ƙashi. Uwar, A'i, ita ma yarinya ce. Na ce, "Yaya sunanta?" Ta kalli ƙasa. Na sake tambaya, ta juya min ƙeya. 'Yar fari ce ke nan, ba za ta faɗa ba. Na san wannan kunyar sarai, ni ma 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "waccan". Amma yau ba ni da ƙarfin lallashi. Tunda Laraba ce na rubuta Larai a kati, na ɗaura mata kwalbar da ta ishe ta yinin, na jefa katin a akwati.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na tarar da yarinyar A'i fuska a kumbure, numfashi sama-sama. Kwalba biyu ta sha jiya.

Ashe da yamma bappanta ya zo, ƙanen uban, Malam Ilu ya tambaye shi suna, ya ce Rahamatu. Ya duba akwati, babu Rahamatu, sai ya buɗe sabon kati ya ɗaura mata wata. Yarinya ɗaya, kati biyu, kowanne da rabonsa. Na cire allurar, na jingine ta zaune.

Na yi wa A'i faɗa. "Kina zaune aka sa mata biyu, ba ki da baki?" Ba ta ɗago ba. Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Haba Malama, a gaban ƙanen miji za ta yi magana kan 'yar fari?" Na ce to kunya ta yi mata numfashin.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Har yanzu.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Tana nan. Ba ta fi jiya ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Mun yi ta ja da Malam Ilu, shi ya ce sunan ƙarya na rubuta, ni na ce ai da ya duba hannunta ya ga wurin allura. Duk mun gaji, muka bari. Likita ya zo ya ba ta maganin fitsari, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya shiga mota.

Na aika kasuwa aka sayo min zaren saƙa kala-kala. Daga yau kati ba ya komawa akwati, a ƙusar da kwalba take rataye zai zauna. Zare ɗaya a hannun yaro, irinsa a jikin katin. Duk wanda ya ɗaura kwalba ya rubuta nan take, kafin ya matsa. Malam Ilu ya ce na mai da rumfa ɗakin amarya. Ya dai ɗaura.

Na yaga katin Larai. Nata zaren ja ne.

Talata, 16 ga Afrilu

Kumburin ya fara saɓewa. Na sunkuya gyara mata allura sai na ga abin da ban lura da shi ba: A'i tana zaune ta ba ta baya kamar kullum, amma hannunta yana ƙarƙashin zane, riƙe da tafin ƙafar yarinyar. Da ta ga na gani sai ta saki. Na yi kamar ina neman auduga.

Wani yaro daga Gagarawa ya rasu da azahar. Na kwance zarensa, na rasa inda zan ajiye shi.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ta sha kamu cokali-cokali, bai dawo ba. Mun cire ruwa. Bacci kawai nake so.

Talata, 23 ga Afrilu

An sallame su. Bappan ya fita neman jakin da zai ɗauke su, rumfa ta yi shiru da zafin rana. Na zo da almakashi zan yanke zaren, A'i ta rufe shi da hannu. Na bar mata.

Sai ta nuna katin da haɓa, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Rahamatu."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake. Na ƙara sau ɗaya ba ta roƙa ba.

Ƙafafun nan dai ba su daina ciwo ba. Ran Juma'a ina da hutu, da na ce kwanciya zan yi. Ina jin zan leƙa gida Gumel. Inna ta aiko tun makon jiya, wai a ce wa waccan an ajiye mata fura.