Na Ɗora Wa Mijina Farfaɗiyar Da Ba Shi Da Ita

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku kai ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni a Gure nake, ɗiyata guda, shekararta huɗu. Mijina mahaƙin rijiya ne. Bara ya tafi aiki wajen Kelle a hannun wani Alhaji mai kwangila. Da suka tarar da ruwa, maimakon a kwashe da guga, sai Alhaji ya sa aka zura motopom, injin zuƙe ruwa, can ƙasa, yana aiki suna haƙa, wai don a yi sauri. Duk Juma'ar da ya zo gida idonsa jajir, kansa na sara, rigarsa na warin esansi, man injin. Ya ce min, "Hayaƙin nan ba ya fita, a gindin rijiya yake kwanciya. Na gaya wa Alhaji, ya ce in tsoro nake ji in koma sayar da ƙosai." Wata Talata aka jawo shi da igiya babu rai.

Kwana uku da rasuwa, ina cikin takaba, Alhaji ya zo ya tsuguna bayan labule har da share hawaye. Ya ce, "Ɗiyata, jandarma za su zo. Ki ce yana da farfaɗiya, ita ta tasar masa a ciki. In ba haka ba tono shi za a yi, a kai likita a yanka." A tono shi! Mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ni da ko aji uku ban gama ba a lekol, ina zan san ƙarya ce? Da suka zo na faɗa, na dangwala yatsa a takarda. Sai daga baya wata ma'aikaciyar likita ta ce min babu mai tono kowa, tsorata ni kawai ya yi.

Yanzu ku ji abin da bakina ya jawo. Ɗiyata ta sa hannu a kwano ɗaya da ƴaƴan maƙwabta, uwarsu ta janye su, tana cewa farfaɗiya abin gado ce, kuma a yawu ake ɗauka. Yarinya ta dawo tana tambayata ko hannunta ne da datti. Uwar mijina kuwa ta kalle ni ta ce, "Ni na haife shi, ni na goye shi, ban taɓa ganin ya faɗi ba. Ke a ina kika gani?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ɓoyewa yake yi." Ƙarya a kan ƙarya, ga tsohuwar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, satin jiya ƴan sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, suka bi gida gida suna rubuta sunayen waɗanda suka mutu a bakin aiki, za a karanta su a yi musu addu'a ranar ma'aikata. Da suka zo ƙofarmu, babbansu ya ce, "Ayya, baiwar Allah, shi ai ciwo ne ya kashe shi, ba aiki ba," ya rufe littafinsa. Shekara nawa yana shiga cikin ƙasa don mutane su sha ruwa, amma layi ɗaya ya fi ƙarfinsa? Shi kuma Alhaji jiya ya wuce ni a mota ya nufi Bune, motopom ɗin nan na bayan motar, na gane shi da jan ƙyallen da mijina ya taɓa ce min an ɗaura a mariƙinsa. Har hannu ya ɗaga min! Wallahi ji na yi kamar in kwashi garwashi in watsa masa.

Na san ajali ba ya wuce ranarsa, amma ajali ne ya zura injin? In na je na faɗi gaskiya, ina tsoron jandarma su rufe ni kan shaidar zur, wa zai riƙe min ɗiya? Kuma da wane ido zan kalli Inna? In na yi shiru, jibi za a karanta sunaye babu nasa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?