Hannun da Na Ɗaga wa Wendell

Zuwa ga Yaya Darlene,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Roy da jikoki, ya sa kuma sanyin Alaska bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan Wisconsin sai godiya. Mama tana nan da bakinta, har yanzu tana faɗa da likita a kan cin cuku, ta ce wadda ta kai tamanin da bakwai tana ci, ba ɗan jiya ne zai raba ta da shi ba. An gama girbin masara, dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar Lahadi.

Na san labarin ƙanenmu Wendell ya iso miki, cewa an ƙwace masa lasin, kuma kamfanin madara ya karɓe tankarsa. Abin da kika ji rabin magana ne, sauran rabin yana wurina, ya hana ni sakat.

Shekara goma sha tara ina tuƙa motar makaranta a hanyar tafki, kuma babu wanda ya kai ni baki a kan dokar tsayawa. In na kunna jar fitila, allon tsayawa ya buɗe, to duk mai zuwa, ta gaba ko ta baya, dole ya taka birki har yara su haye. Na sha rubuta lambar motar mutane in kai ƙara, har ta limamin cocinmu ban bari ba. Amma Wendell kullum muna haɗuwa da shi a mahaɗar gidan su Kowalski, shi yana sauri ya kai madara, ni ina tsaye. Kin san al'adar gidajen gona: in yaro zai tafi makaranta, a bar fitilar baranda a kunne, in ba zai je ba, a kashe. To duk ranar da na ga barandar tsallaken titi a kashe, na san babu mai hayewa, sai in fito da hannu ta taga in yafito shi ya wuce. Shi kuma ya yi mini oda, ya ɗaga murya ya ce Gwamna ta yi wa talaka rangwame. Da wasa muka fara, har ya zame mana jiki. Sabo turken wawa, Yaya.

Ranar Talatar da abin ya faru, na tsaya ɗaukar tagwayen gidan da ke hannun dama, jar fitila na walƙiya. Na duba barandar su Kowalski da ke tsallaken titi, a kashe. Na yafito shi. Ashe ƙwan fitilar ne ya mutu. Sai ga 'yarsu Josie, mai shekara shida, ta fito da gudu daga bayan akwatin wasiƙu, jaka tana lilo a bayanta. Na danne oda da hannu biyu. Wendell ya murɗe sitiyari, tankar ta faɗa rami ta kife, madara ta malale titi. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta tsaya tana kuka wai takalminta ya jiƙe. Shi kuwa ya fito da karyayyen ƙashin kafaɗa.

Kyamarar motata waje take kallo. Ta ɗauki tankarsa tana wuce allon, ba ta ɗauki hannuna ba. A kotu alƙali ya tambaye shi ko akwai dalilin da ya hana shi tsayawa. Ina zaune a layi na biyu, ina kallon ƙeyarsa. Ya ce babu, ganganci ne kawai ya ɗebe shi. Alƙali ya dubi jama'a, na sunkuyar da kai ina wasa da zif ɗin rigata. Haka na zauna, Yaya, har aka tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gari ya mai da ni jaruma. Mahaifiyar Josie ta kawo mini gasasshen tuffa har gida, ta rungume ni tana hawaye, ta ce odar da na danna ce ta ceci 'yarta. Ta ƙara da cewa in yi haƙuri da faɗa, amma ƙanena bai dace da titi ba. Na karɓi kwanon, har godiya na yi mata. Wendell kuwa yanzu in ya shiga kantin abincin dabbobi, sai hira ta mutu.

Jiya na same shi a garkensa yana ba maruƙa madara da hannu ɗaya. Na ce masa zan je in faɗi gaskiya. Ya yi tsaki, ya ce in daina haukar tsufa, doka ba ta san yafito ba, ko wa ya kira shi, shi ke riƙe da birki. Ya ce tonawa ba za ta dawo masa da lasin ba, sai dai a samu zauna-gari-banza biyu a gida ɗaya, Mama ta rasa wanda za ta fara zagi. Sannan ya rantse in na buɗe baki, to kafaɗarsa ta karye a banza, kuma kada in sake taka masa garke.

Gaskiyarsa ce, ba za ta dawo masa da komai ba sai sunansa. Amma kowace safiya iyaye arba'in suna miƙa mini 'ya'yansu suna murmushi, ni kuma na san hannun wa ya kira tankar. Na rubuta komai na sa hannu. Ranar Litinin zan kai wa shugabar sufurin makarantu, tare da mukullin motar, daga nan in wuce gidan su Kowalski. Ba shawara nake nema ba, Yaya. Roƙona ɗaya ne: ki riƙa kiran Wendell a waya, domin daga Litinin zai buƙaci 'yar'uwar da zai iya yi wa magana.

Ki gaishe mini da Roy, da 'yarki Carla da mijinta, da ƙananan nan Nolan da Bridget. Mama tana gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna. Ki saka mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Marlys