Rigar Motar Mushe

Agadas, farkon bazara, 1963

Zuwa ga yayata Saratu a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdou da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Kin tambayi maigidana Bahago. To, badukun naki ya ajiye ɗinkin sirdi, ya koma yi wa mota riga. Wani Nasara mai neman duwatsu a Ayar, Mushe muke ce masa, yadda Faransawa ke kiran namiji, ya zo da kamiyo, babbar mota mai ɗaki a ciki, har da gado da firigo na sanyaya ruwa. Can baya akwai ɗan lungu inda suka kafa gurup, injin da ke ba su wuta. Madam ɗinsa ta ce ƙarar tana fasa mata kai, zafin kuma yana ratso bango ya hana ta barcin rana. Farar audugar da aka liƙa a bangon tun daga Faransa, hanya ta kakkaɓe ta.

Bahago ya yi musu irin matashin da ake sa wa raƙumi ƙarƙashin sirdi: gashin raƙumi tsakanin fata biyu, ya ɗinke tam, ya lulluɓe bangon lungun da shi, ya bi da tabarmar kaba, maƙeri ya rufe da kwano. Bai bar ko kafar allura ba. Ni ce mai tsefe gashin, yaya, har a tuwo muna tsintarsa. Da aka gama aka tada gurup, Madam ta kwanta, sai ga ta tana minshari. Tun ranar Bahago ke tafiya yana buɗa kafaɗa, kai ka ce shi ya gina hasumiyar masallaci.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki,
Habsa


Agadas, tsakiyar bazara, 1963

Yaya Saratu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina rubuto miki ne raina a ɓace.

Mushe zai tafi Bilma da Madam, a wannan zafin da ko masu ayarin gishiri ba sa taka hamadar Tenere. Ya ce Bahago ya bi su, don in hanya ta kwance ɗinki a gyara nan take. Na je na ga wurin zaman da aka ba shi. Lungun gurup ne, yaya, tsakanin injin da gangunan ruwa. Gaba akwai kujera, amma karen Madam ne ke kwana a kai. An ce mun samu 'yancin kai, na ga an canja tuta, ban ga an canja wa talaka wurin zama ba.

Ƙofar lungun ma daga waje ake ɗaure ta da tsirkiya, wai sakatar tana kaɗawa tana damun Madam. Na ce masa kada ya je. Ya yi dariya, ya ce tun da aka fara shigo da mota ƙasar nan, wanda ke baya in yana son a tsaya bugun jikin mota yake yi, shofer ya taka birki. Shofer ɗin kuma Alkasum ne, abokinsa tun suna yara. Ni ma haka na sani.

Ya yi mini alkawarin dabino. Ban yi masa rakiya ba, ina fushi. Ki sa Inna ta yi masa addu'a.

Taki,
Habsa


Agadas, ƙarshen bazara, 1963

Yaya,

Ina gaishe ku. Na san labari ya riga takardata zuwa, amma ina so ki ji yadda abin ya faru daga bakina.

Alkasum ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya faɗa mini. Bayan sun wuce garin Fashi, rana ta take, Madam ta sa aka tada gurup suna tafe don firigo da fanka. Girgizar hanya ta tsinke bututun hayaƙi a cikin lungun. Zafin da aka hana shiga wurinsu da hayaƙin duk suka taru a kan mutum guda. Ba su tsaya ba sai la'asar. Da aka kwance tsirkiyar, ya riga ya cika. Kwanon bangon duk ya lotsa, hannunsa ya fashe har ƙashi. Ya buga, yaya. Ya yi ta bugawa. Can suka binne shi a rairayi, ko kabarin da zan nuna wa yarana ba ni da shi.

Mushe ya zo gaisuwa da tafinta, ya cire hula, ya rantse ba su ji komai ba. Na yarda da shi, abin da ke cin raina ke nan. Aikin Bahago ba ya yoyo. Mata suna ta ce mini ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na san ƙaddara ce. Amma duk garin nan, da maƙerin da Alkasum da ni kaina, babu wanda ya tsaya ya tambaya ta ina bugun zai wuce. Jiya kuma wani Nasara ya aiko a tambaye ni ko akwai badukun da ya koyi aikin a hannun marigayi. Na kori ɗan aiken, ban ko ba shi ruwa ba.

Ki ce wa Malam Abdou ya zo ya ɗauke mu in na fita takaba. Ba zan iya zama inda motar nan ke wucewa ba.

Na tambayi Alkasum abin da ya hana shi tsayawa sallar azahar, shi da ba ya wasa da ita. Ya ce Madam ta samu barci mai daɗi a lokacin, Mushe ya ce ya yi ta tafiya a hankali kada a tashe ta.

Allah ya jiƙan Bahago. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Habsa