Jikata Ta Ce Ba Haka Damo Yake Magana Ba

Gwaggo Maureen, don Allah ki agaza mini da shawara, abin ya dame ni. Duk mako ina karanta filin nan naki, ina yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa wane rashin aikin yi ne zai sa mutum ya kai kukansa jarida. To, yau ga ni. Kuma in kin ji a kan me, ke ma sai kin dara: a kan damo ne, damon ma na zane.

Shekarata saba'in da huɗu. Askin tumaki na yi duk rayuwata, har bayana ya ce ya gaji. Matata Noeline ta rasu shekaran bara. 'Yarmu ɗaya ce, Narelle, tana aure a Hobart, sai an hau jirgi biyu kafin a kai. Gida ya rage daga ni sai kare, shi ma ya kurumce, ko na yi masa magana sai dai ya bi ni da ido.

Narelle na da 'ya, Greta, mai shekara shida. 'Yar Tsako nake ce mata. Kin san littattafan Kawu Mervyn, tsohon damon nan mai rumfar shayi a bakin hanya? Noeline ce ta ƙirƙiro dabarar: duk wanda ya fito sai ta sayi biyu, ɗaya a aika Hobart, ɗaya a bari a gida. Ran Lahadi da yamma su kira, Greta ta buɗe nata, in buɗe nawa, in karanta mata. Layinmu a nan ba ya ɗaukar hoto, murya ce kawai. Ita ke ba da umarnin a juya shafi, kuma kar ka kuskura ka riga ta.

Ni na ba Kawu Mervyn murya. A hankali, a dusashe, irin ta wani tsohon kuku da muka yi a rumfar aski, wanda kafin ya gama cewa abinci ya nuna, abincin ya huce. Ai damo sarkin haƙuri ne, ina shi ina gaggawa? Kuma kowane littafi akwai shafi ɗaya da babu rubutu ko kaɗan. Kawu Mervyn ne kawai da 'yar tsuntsuwar da ke taya shi aiki, suna zaune a kan benci suna kallon faɗuwar rana. In mun zo nan sai mu yi shiru, mu biyu. Ina jin numfashinta a waya, wani lokaci har da jan majina. Sai ta ga dama take cewa, "To, Kaka, juya." Ba na jin kunyar faɗa miki, shirun nan shi nake jira tun daga Litinin.

Sai aka yi fim ɗinsa. Greta ta kira kamar za ta fasa mini kunne, wai na gani? Na gani? Na ce ban gani ba, ta sa na yi alkawari. Garinmu ba sinima, don haka na sa rigar zuwa coci, na tuƙa mota rabin yini zuwa inda ake da ita. Yarinya mai sayar da tikiti ta leƙa bayana ta ce yara nawa ne. Na ce ni kaɗai ne. Da na zauna, wata mata ta dube ni, ta dubi 'ya'yanta, ta tattara su suka koma wani layin. Ban ga laifinta ba, amma abin ya sosa mini rai.

Fim kuwa, kai! Wannan ba Kawu Mervyn ba ne. Sun sa masa jar hula da baƙin tabarau, baki kamar ana soya gyaɗa, yana tsere da mota, yana rawa a kan teburin shayi. Na daure, na ce bari a zo wurin faɗuwar rana, nan dai dole su yi shiru. Ina! Waƙa suka sa a wurin, da ganguna, da kadoji suna amshi. Yara suka fito suna rera ta, ni kuwa na fito kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Na ci sanwicina a cikin mota, na juyo gida.

Ran Lahadi na fara karatu kamar kullum. Ban kai shafi na biyu ba ta tsayar da ni, ta ce, "Kaka, ba haka yake magana ba." Sai ta shiga kwaikwayon muryar fim, da sauri da sauri. Gwaggo, raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mata fim ɗin nan shirme ne, waɗanda suka yi shi ba su taɓa buɗe littafin ba, kuma waƙar nan ta fi komai muni. Sai ta yi shiru, amma ba irin shirun da na sani ba. Narelle ta karɓi wayar ta ce, "Haba Baba, mako guda fa tana haddace waƙar nan don ta rera maka." Na ce ai gaskiya na faɗa, ni ba na yi wa yaro ƙarya.

Tun daga ranar, Lahadi ta zama sai a hankali. Yau wai an tafi koyon iyo, gobe wai bikin ranar haihuwar ƙawarta. In Narelle ta kira, sai in ji Greta can nesa ana ce mata ta zo ta gaida Kaka, ta ce sannu ta gudu.

Da haushi ya ishe ni sai na rubuta ra'ayina a shafin da masu kallo ke sharhi. Wasu suka ce na yi daidai, an kashe musu ƙuruciya. Wata uwa ta ce ɗanta bai taɓa son littafi ba sai da ya ga fim ɗin. Wani kuma ya ce, "Tsoho, ba don kai aka yi ba, je ka sha magani." Na rama. Yanzu da shafin nan nake karyawa, da shi nake yini, ina duba waya ko an ba ni amsa. Col, mai gidan man garinmu, har ya sa mini suna, in na shigo sai ya ce ga babban mai sharhi ya iso, a ba shi kujera.

Ga makon littattafai ya matso, a cikinsa akwai ranar da yara ke zuwa makaranta da shigar taurarin littafi. Kafin Noeline ta kwanta ciwo ta ɗinka wa Greta falmaran ruwan ƙasa irin ta Kawu Mervyn, ta yi ta da girma don ta jira ta. Bana ce za ta yi mata daidai. Yanzu na ji wai jar hula da tabarau take so.

Shin in ba da haƙuri alhali ni ke da gaskiya? Ko in ɗaure littattafan nan in aika mata, in san an gama da ni? Ina tsoron kada Lahadin nan ta tafi ba ta dawo ba, don ba ni da wata.

Wanzamin Tumaki Mai Ritaya, daga yammacin Queensland

*

Malam Wanzami, sannu da ƙoƙari, kuma ban yi dariya ba.

Na kai jikokina fim ɗin nan, na fito da ciwon kai. A kan hayaniya ina bayanka, kuma na san abin da ka ji da aka cika maka wurin shirun nan da ganguna. Mutumin da ya yi tafiyar rabin yini don cika alkawarin 'yar shekara shida ba mugun kaka ba ne. Amma wannan uwar da ta ce ɗanta ya fara son littafi, ita ma ba ƙarya take ba. Na ga idon yaran da ke cikin ɗakin nan.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ba za ka so ba. Ka sake karanta abin da Narelle ta ce. Yarinyar nan tun tana goye kai ke ba ta, ita tana karɓa. Karon farko ke nan da ta samu wani abu na Kawu Mervyn da za ta kawo maka da kanta, ta yi mako tana shirya shi, kafin ta buɗe baki ka ce shi ya fi komai muni. Kai fim ka zaga, ita kyautarta ta ji an mayar mata. Ba gudunka take yi ba, kunya take ji. Gaskiyar da kake taƙama da ita tana nan, ba wanda ya ce ka ce fim ya yi kyau. Haƙurin da za ka ba ta na katse ta ne.

Kada ka jira Lahadi. Kira Narelle a tsakiyar mako, ka nemi a ba ka Greta, ka ce mata, "'Yar Tsako, ranar nan na yi fushi ban ji waƙarki ba, ki rera mini." Ka saurara har ƙarshe, ko da kadojin. In ta ƙi a karon farko, kada ka matsa, ka sake nema wani makon.

Littattafai kuwa, kada ka aika ko ɗaya. Shekararta shida, ta fara haɗa baƙi. Ka ce yanzu ita za ta karanta maka, da muryar da ta ga dama, kai ka riƙe muryar tsohon kuku don ranar da za ta nema. Zancen falmaran, ka gaya wa Narelle, wataƙila ma ta manta tana cikin akwati. Falmaran a jiki take, hula a ka, yarinya ɗaya za ta ɗauke su duka. In bayanka zai jure jirgi biyu, je ka tsaya a bakin filin makarantar ka tafa mata.

Shafin sharhi kuma ka rufe shi. Mai ce maka ka sha magani ba zai kawo maka miya ba ran da ka kwanta. Col da ke tsokanarka, kujera fa yake ba ka, ka zauna. In garinku na da rumfar da dattawa ke haɗuwa suna sassaƙa da shan shayi, ka leƙa. Mako guda cur ya yi wa yarinya ƙarama nauyi ta ɗauke maka shi ita kaɗai.

Abu na ƙarshe. Masu fim sun canza murya, amma shafin nan na faɗuwar rana har yanzu babu rubutu a nata littafin, babu a naka. In tana karanta maka kuka iso wurin, kada ka ce komai. Wataƙila ta rera waƙar, wataƙila ta yi shiru. Ko wanne ta yi, kai dai riƙe shafinka, kada ka riga ta, har sai ta ce, "To, Kaka, juya."

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dawo maka da Lahadinka. Ka shafa mini kan karen nan.

Gwaggo Maureen